Tama: Garin da Tarihinsa ke Bakin 'Yan Kasuwa

Tama ƙaramin gari ne a gundumar Buza, cikin jihar Tawa, kuma a can aka binne cibiyata. Ba gari ba ne da baƙi ke zuwa kallon gine-ginensa. Mai neman tarihinsa sai ya dubi duwatsu da itatuwa, sannan ya kasa kunne ranar kasuwa.

A rubuce, sunan garin ɗaya yake da kalmar tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Ƙasar Adar kuwa ta yi suna da maƙera masu narkar da tama, waɗanda Nicole Echard ta yi bincike a kansu. Game da sarauta, a shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar da yaƙi, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Illela, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975. A kudu da mu akwai Gobirawan Madawa da Buzayen Kelgeres, waɗanda ayarinsu ke ɗauko gishirin Bilma. A arewa kuma akwai Lisawan na Keita.

Abin kallonmu mafi girma shuka shi aka yi. Bayan farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970, sai a 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro layi-layi a kwarin Majiya, wanda ya ratsa ƙasar Buza, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. Mu da aka haifa daga baya mun tarar da inuwa, har mukan ɗauka tun fil azal take nan.

Amma inda tarihin ya fi rai shi ne kasuwa. Da rani masu lambu kan kawo albasa da gabu, mata su baje tabarmin kaba, Fulani su zo da nono, Buzaye su koro dabbobi. Lissafin kuɗi kansa darasi ne: tamma biyar ta sefa ita ce dala, saboda haka mai cewa dala ashirin ɗari yake nufi, jika kuwa dubu ce. A bakin dattawa nake jin Adaranci tsantsa. Kakata ba ta taɓa cewa "muka zo" ba, "munka zo" take cewa. A wurinta fari hwari ne, biyar biyat ce, baƙo kuma shina zamne, ba yana zaune ba. A aji na koyi cewa irin waɗannan siffofi na karin harshen yamma, da yawansu sun girmi na daidaitacciyar Hausa, kuma Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum a kan Hausar Adar a 1991.

Abin da ke damuna shi ne masu wannan magana suna ƙarewa. Samarinmu na tafiya cin rani Abijan da Legas da Libiya, su dawo da sabon baki. Finafinan Kano sun shiga kowace waya. Ɗalibi kuma yakan gyara harshensa a jami'a don gudun dariyar abokai. Harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, wannan mun sani, sai dai abin da ya wuce ba a naɗe ba ya tafi ke nan.

Don haka hutu mai zuwa zan zauna da maƙera da dillalai da tsofaffin mata, in naɗi sunayen kayan aikinsu da kirarinsu da salon cinikinsu, bayan na nemi izininsu. Kowane ɗalibi a wannan sashe yana da irin wannan kasuwa a garinsu, kuma wayar da ke aljihunsa ta isa fara aikin.