Avignon: Tsakanin Ganuwa da Tsauni

Duk wanda ya doshi Avignon, a kudancin Faransa, ganuwa ce za ta fara yi masa maraba. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 4, da dutse aka gina ta tun ƙarni na 14, kuma har yau mutane na shige da fice ta ƙofofinta. Ni da na tashi ina ganin badala tana zaizayewa damina bayan damina, sai da na dafa ta da hannuna.

A tsakiyar gari fadar Fafaroma take. Daga 1309 zuwa 1377 Fafaroma bakwai suka zauna a nan maimakon Rum. An soma ginin fadar a 1335. Yanzu zaurukanta wayam suke, sai amon takalmin baƙi. Amma duk watan Yuli farfajiyarta kan cika maƙil, saboda bikin wasan kwaikwayon da Jean Vilar ya ƙirƙiro a 1947. Gidan da aka yi don mulki, ga shi 'yan wasa sun gaje shi.

Daga nan na gangara bakin kogin Rhône, inda shahararriyar gadar nan ta Saint-Bénézet take. A da bakanta 22, ambaliya ta yi ta cin ta har aka gaji da gyara a ƙarni na 17. Saura 4 yanzu. Sai ka yi ta tafiya a kanta, ba zato ta ƙare a tsakiyar ruwa. Wanda ke da littafin da ya fara bai gama ba, ya san irin wannan tsayuwar.

Bayan gari kuwa, wurin motsa jiki ne. Ɗan jirgin fito yakan ƙetarar da mutum kyauta zuwa tsibirin Barthelasse, inda na yi yawo da keken haya cikin gonaki. Kimanin kilomita 25 yamma akwai Pont du Gard, gadar ruwa mai hawa uku da Rumawa suka gina a ƙarni na 1, tsayinta mita 49. Na shiga kwalekwale daga ƙauyen Collias, na bi kogin Gardon har na ratsa ƙarƙashinta. Magudanar da gadar ke ɗauke da ita ta kai kilomita 50, amma gangararta duka ba ta wuce mita 13 ba. Da haka ta kai ruwa har birnin Nîmes. Sannu ba ta hana zuwa.

To, 'yan uwa marubuta, wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Fontaine-de-Vaucluse, ƙauyen da kogin Sorgue ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse. Nan mawaƙi Petrarka ɗan Italiya ya riƙa ƙauracewa, domin ya ƙi jinin hayaniyar Avignon da fadancinta. Duk da haka a birnin ya samu abincinsa, a cocinsa kuma ya ce ya fara ganin Laura a 1327, wadda ya yi ta yi wa waƙa har tsufansa. Cikin wata wasiƙa ya ba da labarin hawansa dutsen Ventoux a 1336, shi da ƙanensa, don kawai ya ga abin da ke sama. Dutsen ya kai mita 1,900, yau masu tseren keke ke fama da shi.

Na daɗe zaune a bakin wannan ruwa mai sanyi ina lissafi. Birni ne ya ba Petrarka abin faɗa, ƙauye ya ba shi shirun da zai faɗa a ciki. Da yawanmu ɗaya muka riƙe: wani kullum yana taro bai rubuta ba, wani kullum yana ɗaki bai ga kowa ba. Ba sai ka je Faransa ba. Nemi kasuwarka, ka kuma nemi bakin rafinka. Allah ya yi wa alƙalaminmu albarka.