Tafiyar Asuba Ta Wani Dillalin Shanu A Mubi

Akwai wani dillalin shanu a Mubi wanda a watan Oktoba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shiga garin, ya taka da ƙafa har iyakar Kamaru, ga ɗa a kafaɗa. Bayan 'yan shekaru sai ga shi ƙofar gida ma ta gagare shi.

Zazzaɓin taifot ne ya huda masa hanji. Likitoci suka yi masa aiki, suka fito da bakin hanjin ta gefen ciki, suka manna masa jakar da bayan gida ke taruwa. Rauni ya warke, amma kunya ta tsare shi a ɗaki wata biyu, yana tsoron wari, ko jakar ta ɓalle cikin jama'a.

Uwargidansa ce ta gaji, ta ce, "Alhaji, likita fa cewa ya yi ka riƙa tafiya." Da gaskiyarta kuwa, domin tafiya tana motsa hanji, tana kuma hana jini daskarewa a ƙafa. Ɗaukar kaya mai nauyi aka hana shi, don gudun ƙaba a gefen bakin hanjin.

To, da zuwa masallaci ya fara. Yanzu kullum bayan sallar asuba yakan juye jakar, ya ɗauki gorar ruwan gishiri da sukari, saboda mai irin wannan lalura yana saurin rasa ruwan jiki, ya nufi bakin kogin Yedzaram. Babbar riga ta rufa asiri. Kasuwar shanu dai bai koma ba tukuna. Ya ce sai ranar da ya je kogin ya dawo bai zauna a hanya ba.