Gaggawa Ba Ta Gyaran Inji

A unguwar Uwani ta birnin Inugu akwai wani dattijo makaniki, mutumin Kano, wanda ya fara sana'a tun zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya soma harhaɗa motoci cikin 1975. Direbobi kan yi ƙorafin jinkirinsa, amma ba su fasa kawo masa aiki ba.

Dalili kuwa shi ne ya san halin alminiyam, ƙarfen da ake yin kan injin 504 da shi. Ba ya yarda yaransa su jiƙa shi cikin sodar sabulu, domin soda takan cinye shi, ya rarake. Da kananzir da buroshi yake wanke baƙin mai, sa'an nan ya kankare tsohon fenti sannu a hankali.

Kafin a fesa fentin gari, wanda lantarki ke manna shi a jikin ƙarfe, sai ya gasa kayan a tanda tukuna. Man da ya ɓuya cikin ƙananan ramukan ƙarfen yakan fito da zafi. In ba a kore shi ba, sabon fenti zai yi ƙuraje. Bayan ya rufe mazaunin gasket da ramukan noti, sai a fesa, a sake gasawa a zafin digiri 200.

Yakan ce wa yaransa, “Ku yi a hankali, 'ya'yana. Motar nan ita ce gonar mai ita, kuma amana ce a hannunmu.”