Ranar da na riƙe ƙwaƙwalwa a hannuna

Muna aji biyu a jami'a, can Zariya, aka fara koya mana ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Warin fomalin ne ya fara tarbar mu a ɗakin fiɗa, idanu suka yi ta ruwa. Malam ya tsamo ƙwaƙwalwar mutum daga bokiti, ya ce in tara hannu. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a cikinta. Sai da na yi wa mai ita addu'a a zuci kafin na iya kallonta.

Malam ya ɗora yatsa a ɓangaren hagu, ta gaba, ya ce nan ne wurin Broka. A 1861, a birnin Faris, likita Broka ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan". Da majinyacin ya rasu aka buɗe kansa, aka tarar wurin nan ne ya lalace. Malam ya kuma nuna mana inda jijiyoyin motsi ke gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa hagun ƙwaƙwalwa ke juya damar jiki.

Gabana ya faɗi, don kawuna nake gani. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin damarsa ya shanye, magana ta ɗauke. A gida wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa ne, hujjarsu kuwa ita ce ba ya iya kiran sunan 'ya'yansa, amma da an fara Fatiha sai ya bi har ƙarshe. Na tambayi malam, muryata na rawa. Ya ce abin da harshe ya daɗe da sabawa, kamar ƙirga da addu'a, sau da yawa yakan tsira, kuma masu irin wannan ciwo galibi suna fahimtar abin da ake faɗa.

Wannan ne ya fi sosa mini rai. Shekara biyu muna zancensa a gabansa kamar ba ya nan.

Da aka yi hutu ban ko ajiye jaka ba na shiga ɗakinsa, na durƙusa. Na ce, "Kawu, na san kana jin mu. Ka yafe mana." Ya daɗe yana kallona, laɓɓansa na motsi. Sai ya miƙo hannun hagu ya kama nawa, ya riƙe har aka kira magariba.