Saiwa Tana Kasuwa, Iri Yana Daji

Duk wanda ya shiga layin masu magani a Kasuwar Kurmi ta Kano zai samu saiwa da sassaƙe iya son ransa, amma ya ce irin shukawa yake nema, sai a bi shi da kallo. A gandun rainon itatuwa kuwa, darbejiya da turare da mangwaro ne suka fi yawa. Muna ta haƙa muna sassaƙa, babu mai shukawa.

Shekara 3 ke nan ina ƙoƙarin mayar da gefen gonarmu ɗan kurmin magani, kuma na gane kowane itace da halinsa. Maɗaci, wanda ake jiƙa ɓawonsa don zazzaɓi da ciwon ciki, kwansonsa da rani yake fashewa iska ta kwashe 'ya'yan. Sai ka tsinko kafin ya buɗe, ka shuka da wuri, don irinsa ba ya jure ajiya. Irin ƙirya taurin kai gare shi, sai an zuba masa ruwan zafi ya kwana a ciki. Hano, wato ararrabi, shi ne mai sauƙi: ka sari reshe ka kafa gab da damina, ya kama. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce sanya, uwar magunguna. Saiwarta ake haƙewa, irinta ba ya tsira da sauƙi, kuma ba ta son dashe.

Babu ɗaya daga cikinsu da na saya da kuɗi. Wani tsohon maharbi da makiyaya ne suka nuna min inda iyayen itatuwan suka rage. Nakan ɗebo daga bishiyoyi da dama, kada kurmin ya zama 'ya'yan uwa ɗaya, cuta guda ta share su, in kuma bar wa daji rabonsa.

Tun 1916 Baturen nan Dalziel ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa a littafi. Sunaye kam suna nan a takarda, amma takarda ba ta tsiro, ga masu sanin inda itatuwan suke suna ta tafiya. Mai tsoho a gida ya tambaye shi tun kafin damina ta faɗi. Allah Ya sa mu dace, amin.