Tumfafiya A Lambun Kwaleji

Bara da malamin noma ya raba mana kadada a lambun kwaleji, kowa ya bazama neman furannin Turawa. Ni kuwa sai na ɗauko irin tumfafiya da na taho da shi daga gida cikin ambulan, na shuka. Ran da ta tsiro 'yan ajinmu suka yi ta dariya, wai na baro Arewa na zo Kudu noman ciyawar juji. Mai kula da lambu ma har ya ɗaga adda, na ce, "Baba, don Allah a bar mini ita zuwa baɗi." Ya ce in ba ta yi amfani ba, shi da kansa zai sare ta.

Dalilina shi ne na karanta cewa a Amurka akwai wani malam-buɗe-littafi mai tafiyar fiye da mil 2,000 zuwa Meziko gudun sanyi. Tsutsarsa ba ta cin kome sai ganyen wata 'yar'uwar tumfafiya mai fitowa a filayen ciyawarsu. Da noma ya cinye filayen sai ya ragu, har mutane suka koma shuka ta a gida. Ashe mu ma muna da danginsa a nan, ja-ja mai baƙin gefe da ɗigon fari, kuma ganyen tumfafiya tsutsarsa ke ci.

Ban sha wahalarta ba, don rana take so da jigawa, ba ta son ruwa ya kwanta mata. Sai dai nononta dafi ne, in ya shiga ido yana ɓata gani, saboda haka kullum sai na wanke hannu.

Bana da ta yi fure, ƙudan zuma suka yi mata ca. Rannan sai ga tsutsotsi masu zanen baƙi da rawaya suna ta cin ganye. Dafin nan da suke ci shi ke hana tsuntsaye taɓa su. Ba a jima ba lambu ya cika da malam-buɗe-littafi. Baba ya zo ya tsaya ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaro, ka yi gaskiya."

To, 'yan'uwana malaman gobe, in an tura ku makarantun ƙauye, kafin ku sa yara su share fili ƙarƙaf, ku dubi abin da Allah ya tsirar a wurin tukuna.