Gilashin Kyamarar da Ya Koya Mana Sallama

Mu biyar ne a ƙungiyar ɗaukar hoto ta makarantarmu a Kano, kyamararmu kuwa ɗaya ce tal. Tsohuwar Nikon ce da malaminmu na fiziks ya sayo ta hannu, ya ce mu riƙa aiki da ita muddin za mu kula da ita. Gilashin da ke gabanta shi ne wanda aka saba sayar da irinta da shi, mai lamba 18-55mm. Shekara guda muna ɗaukar taron safe da wasan ƙwallo da bikin yaye ɗalibai da shi, kullum kuma muna ƙorafin ba ya jawo abin da ke nesa.

Ga waɗanda ba su sani ba, lambar nan ita ke nuna yadda gilashi yake gani. Idan ƙarama ce, kamar 18, yana kwaso fili mai faɗi, ajinku duka ya shiga hoto ɗaya. Idan babba ce, kamar 300, sai ya tsuke filin, ya jawo abin da ke nesa kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ana saura kwana uku wata ƙaramar Sallah, yayan ɗaya daga cikinmu, mai ɗaukar hoton biki, ya ara mana gilasai biyu. Ɗaya dogo ne mai nauyi, 70-300mm. Ɗayan ɗan guntu ne, 50mm, ko zuƙowa ba ya yi. Muka jefa ƙaramin cikin jaka, muka rungume dogon.

Washegarin Sallah muka tafi kallon Hawan Daushe. Tun kafin dawakai su iso Ƙofar Kudu muka fara koyon darasi. Hotunanmu na farko duk sun fito dishi-dishi, domin dogon gilashi kamar yadda yake ƙara girman abu, haka yake ƙara girman rawar hannu. Sai da muka ƙara saurin ƙiftawar kyamarar zuwa 1/500 na daƙiƙa, muka matse gwiwar hannu a jikinmu, sannan hoto ya tsaya. Mun kuma gane cewa ba a sauya gilashi a tsakiyar ƙura. Idan ya zama dole, a kashe kyamarar, a juya bakinta ƙasa, a yi sauri, kuma kada a goge gilashi da bakin riga.

Daga nan abin ya yi daɗi. Muka ɗauki mai algaita kumatunsa sun cika da iska, da dogarai cikin ja da kore, da gumin da ke gangarowa a wuyan wani doki, duk muna tsaye a bayan cincirindon jama'a. Babu wanda ya san muna ɗaukarsa, kuma wannan ne ya fi burge mu.

Can gefe muka hango wata yarinya mai tallar gyaɗa, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ta jingina da katanga, barci ya kwashe ta, bakinta a buɗe, farantin yana kan cinyarta. Muka zuƙo ta, muka danna. Da dare muka ɗora hoton a shafin ƙungiyarmu na Facebook, har da 'yar magana ta barkwanci a ƙasa. Kafin safiya an yi ta dariya, an yi ta turawa gaba. Mu kuwa sai murna, wai mun yi suna.

Bayan kwana biyu wata 'yar ajinmu ta kira mu. Ashe yarinyar 'yar unguwarsu ce. Hoton ya shiga wayoyin unguwar, yara sun laƙa mata suna, kawunta ya yi mata faɗa wai an tura ta talla ta je tana barci. Ta ƙi fita ko ƙofar gida. Muka goge hoton nan take, amma abin da ya riga ya shiga wayar mutane ba ya gogewa.

Malam ne ya sa muka je gidan ba da haƙuri. Muka durƙusa a zaure, babu mai iya ɗaga kai.

"Mama, mu ne muka ɗauki hoton. Don Allah a yafe mana."

Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "Tun asuba take tsaye, ko karyawa ba ta yi ba. 'Ya'yana, da kun matsa kun yi mata sallama, ai da ta farka."

Ba mu sami amsa ba.

Da muka fito, Malam bai yi mana faɗa ba. Ya karɓi dogon gilashin, ya ce mu yi mako guda da ƙaramin kaɗai. Da farko mun ji haushi. Gilashin 50mm ba ya zuƙowa: in kana son abu ya cika hoto, ƙafarka ce za ta kai ka. Amma yana da tasa baiwar. Ƙofar haskensa tana buɗewa har f/1.8, kuma a nan ƙanƙantar lamba na nufin faɗin ƙofa. Haske yana shiga da yawa, ana iya ɗauka a zaure ko da yamma ba tare da fitila ba, fuskar mutum ta fito tar, abin da ke bayansa ya narke.

Muka gwada shi a marinar Ƙofar Mata. Taku uku ne tsakaninmu da wani dattijo da ke tsoma zane a ramin baba, don haka babu zancen ɓuya.

"Baba, ina wuni? Mu ɗalibai ne masu koyon ɗaukar hoto. Ko za ka yarda mu ɗauke ka?"

"To, yarana, ku bari in gyara hula."

Ya gyara, ya zauna, ya nuna mana yadda zane ke fitowa kore-kore daga ramin, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi. Shi da kansa ya ce mu ɗauki hannayensa da shuni ya rine. Wannan ne hoton da ya fi kowanne kyau cikin duk abin da muka taɓa ɗauka. Wani marinin kuma ya ce ba ya so, muka yi godiya muka wuce.

A makon ne Malam ya nuna mana hotunan Malick Sidibé, ɗan ƙasar Mali, wanda ya ɗauki matasan Bamako a wuraren shagali da cikin shagonsa, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice na Italiya a 2007. Mun lura cewa mutanen da ke cikin hotunansa sun san da shi, sun yi kwalliya, suna kallonsa cikin sakin jiki.

Ba mu ce dogon gilashi ba shi da amfani ba. Doki a guje, ɗan wasa a tsakiyar fili, tsuntsu a kan reshe, duk sai da shi. Kuma 'yan uwa ɗalibai, ko ba ku da kyamara, wayar da ke hannunku ma tana zuƙowa. Mu dai yanzu dokokinmu uku ne: ba ma ɗaukar fuskar mutum sai da saninsa, ba ma ɗora hoton yaro sai da yardar iyayensa, kuma duk wanda muka ɗauka muna nuna masa.

Kafin mu mayar da gilasan, mun koma gidan su yarinyar da ƙaramin. Mahaifiyarta ta amince, ita ma bayan ɗan noƙewa ta amince. Ta saka kayan Sallarta, ta tsaya a bakin zaure inda haske yake. Muka haɗa kuɗin tara muka wanko hoton, muka kai mata. Kwafi ɗaya ne, yana wurinta, kuma ba mu ɗora shi a ko'ina ba.